Lasifikar manyan motoci: mi ake saye da wannan tsada?

Cikin ƙofar kusan kowace mota akwai wani ɗan faifai wanda faɗinsa bai cika wuce santimita 16 da rabi ba, kuma da yawa daga masu motoci sun tsufa da motarsu ba su taɓa sa shi a ido ba. Shi ne lasifika, ko amsa-kuwwa. A kasuwa ana samun guda biyu da ƴan jikkuna. A Turai kuwa akwai jerin da kuɗinsa ya haura yuro 2000, watau sama da sefa miliyan 1 da jika 300, abin da zai sayi sabon babur har a maido canji. Da mai arahar da mai tsadar duk maganaɗisu ne da waya da fata. To, ina bambancin ya ɓoye?

Tushen aikin bai sake ba tun shekara ta 1925, lokacin da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarin da ake bi har gobe. Ana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin wani ɗan bututu, a rataye shi cikin matsattsen rami a tsakiyar maganaɗisu, sa'an nan a manna bakin bututun ga wani faifai mai siffar mazurari. In lantarkin da ke ɗauke da kiɗa ya bi ta cikin wayar, sai ta riƙa yin gaba da baya, faifan ya bi ta, ya tunkuɗi iska, iskar ta iso kunne. Wannan faifai shi ne fatar lasifika, kamar yadda ganga take da fata, kuma a kansa ne mafi yawan gardamar masu sana'ar take.

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20.000 cikin sakan ɗaya. In shekaru suka tura, sai na saman ya riƙa ɓacewa. Fata ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan kaya duka. Sauti mai kauri yana bukatar babbar fata da za ta tura iska mai yawa, siririn sauti kuwa sai ƙaramar fata marar nauyi da za ta kai ta kawo sau dubbai cikin ƙiftawar ido. Makaɗan fada sun san da haka tun kafin a san lantarki: ba a neman muryar kanzagi a wurin tambari. Shi ya sa jerin lasifika na ƙwarai yakan kasu kashi biyu ko uku. Akwai ƙarama, wadda ake ce ma tuwita, mai faɗin santimita 2 da rabi ko kusa da haka, da ake sawa a gefen gilashin gaba; akwai ta tsakiya da ke zaune cikin ƙofa; akwai kuma babba mai santimita 25 ko 30 da ake ajiyewa a bayan mota cikin akwatinta. Tsakaninsu da radiyo ana sa wani ɗan akwati mai aikin matata, wanda ke raba sautin, ya ba kowace abin da za ta iya.

Ɗakin da bai dace da kiɗa ba

Radiyo ya shiga mota tun da wuri. A 1930 kamfanin Paul Galvin na Shikago ya fitar da radiyon mota mai suna Motorola, a 1932 kuma Blaupunkt ya fitar da nasa a Jamus. Amma shekaru kusan 50 lasifikar mota ta zauna ƴar bora: takarda ce mai araha da ake cusawa duk inda aka samu rami, in ta faɗi labarun duniya an ji, to ta gama aikinta. Masu ƙera kayan sauti na gida suna ganin mota ba wurin sauraron kiɗa ba ce, kuma suna da hujja.

Mai sauraro a ɗaki yana zama tsakiya, lasifika biyu na fuskantarsa, nisansu ɗaya. Direba kuwa a gefe yake. Lasifikar hagu tana kusa da gwiwarsa, ta dama tana can ƙetare, kuma babu wadda ke duban kunnensa. Ƙafafu suke kallo. Sauti na tafiyar kusan mita 340 cikin sakan ɗaya, watau santimita 34 cikin kashi 1 daga 1000 na sakan. In lasifikar hagu ta fi ta dama kusa da santimita 68, sautinta zai riga isowa da kashi 2 daga 1000 na sakan. Wannan ɗan lokaci, wanda ƙiftawar ido ta ninka shi sau da yawa, ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta yanke cewa mawaƙin yana cikin ƙofar hagu, domin kunne yana bin sautin da ya fara zuwa. Ga gilashi ta ko'ina, mai maido da siririn sauti kamar yadda madubi ke maido da haske. Ga kujeru da darduma masu shanye shi. Sauti mai kauri shi ma da nasa rikici: wanda ke kaɗawa sau 50 a sakan, tsawon zangonsa ya kusa mita 7, ya fi ɗakin motar tsawo, don haka sai ya taru a wani lungu ya yi gunji, a wani lungun ya dushe. A kan wannan duka ga rurin inji, da kukan taya bisa kwalta, da iska.

Cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan ɗaki da muhimmanci akwai Amar Bose, malamin jami'ar MIT a Amurka. Kamfaninsa ya haɗa kai da Delco, reshen General Motors, suka sa tsarinsu na farko cikin motocin shekarar 1983, irin su Cadillac Seville da Buick Riviera da Oldsmobile Toronado. Sabon abin da suka kawo shi ne a auna ɗakin kowace irin mota, a zaɓi wurin lasifika tun a masana'anta, a gyara sautin daidai da wannan ɗaki shi kaɗai. Daga nan ne sana'ar ta rabu gida biyu: masu aiki tare da masu ƙera motoci, da masu ƙera lasifikar da mai mota zai saya daga baya ya cire wadda ya tarar. Dukansu dai tambaya ɗaya suka tarar a gabansu, ita ce da mi za a yi fatar.

Taura uku a baki ɗaya

Ana son fata ta haɗa hali uku. Ta zama marar nauyi, don ta tashi nan take, ta tsaya nan take. Ta zama mai tauri, don ta motsa gaba ɗayanta kamar murfin tukunya, kada tsakiya ta yi gaba gefe ya yi baya. Ta kuma iya haɗiye amonta, watau in an buge ta ta yi shiru, kada ta ci gaba da ƙara irin ta tasar da ta faɗi bisa siminti. Nan ne lasifika ta rabu da ganga. Ana son fatar ganga don muryarta, ita kuwa fatar lasifika so ake ta rasa murya tata ta kanta, ta faɗi abin da aka ba ta kawai. In an ba ta goge ta yi goge, in an ba ta algaita ta yi algaita.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, ga shi nan uku ne. Ƙarfe yana da tauri amma yana amo. Roba tana haɗiye amo amma tana lanƙwasa, ga nauyi. Takarda, wadda aka fara da ita, ba ta da nauyi kuma muryarta na da daɗi, shi ya sa har yau wasu manyan kamfanoni ba su rabu da ita ba. Aibinta a mota shi ne laima, domin ruwan sama yana bin gilashi ya shiga cikin ƙofa kafin ya fita ta ƙananan hujin da ke ƙasa. Cikin shekarun 1970 injiniyoyin BBC, gidan radiyon nan na London da ake saurare da Hausa, suka gwada wata roba mai suna polifurofilen, wadda ba ta jin ruwa, kuma ita ce ta cika ƙofofin motoci daga baya. Ta yi maganin laima, amma taurin da ake nema bai samu ba.

A nan labarin wani kamfanin Faransa ya cancanci a tsaya a kansa. Garin Sant-Etiyan, kusa da Liyon, an san shi a da da haƙar kwal da ƙera bindigogi da kekuna, masu son ƙwallo kuma sun san shi da ƙungiyar nan mai koriyar riga wadda Salif Keita ɗan Mali ya yi ma wasa daga 1967 zuwa 1972. A can ne Jacques Mahul, injiniyan da ya yi aiki a kamfanin lasifika na Audax, yana kuma rubutu a mujallar L'Audiophile, ya kafa Focal a 1979, a wani sashe na ma'aikatar ƙere-ƙere ta gidansu. Bayan shekara 10, a 1989, kamfanin ya buɗe sashen kayan mota.

Dabarar da suka runguma ita ce a daina neman abu ɗaya mai hali uku, a jera abubuwa dabam-dabam hawa-hawa, kowane ya kawo nasa hali. Duk wanda ya taɓa yage kwali ya ga sirrin: takarda biyu sirara, da wata lanƙwasasshiya a tsakaninsu, sun fi takarda uku da aka manne wuri ɗaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Tazarar da ke tsakanin bangon biyu ita ke kawo taurin. Haka ma karan dawa yake, bayansa tauri, cikinsa laushi kamar soso, ga shi ba nauyi, amma yana ɗaukar zangarniya cikin iska.

Cikin shekarun 1980 Focal ya fitar da fata mai bango biyu na zaren Kevlar, zaren da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, wanda da shi ake ɗinka rigar kare harsashi. Launinsa ruwan ɗorawa ne, shi ya sa lasifikar mota ta kamfanin mai suna K2 take da fata rawaya, har launin ya zama alamar da masu sha'awa ke gane ta da ita daga nesa. A 1995 aka zo da wata da suka kira W: bango biyu na zaren gilashi, tsakiya kuma wani irin soso mai tauri da ake aiki da shi wajen ƙera jiragen sama. Sunan ya fito ne daga kalmar gilashi ta Faransanci, wadda ke farawa da V. V biyu in an jera su sun zama W. Amfanin wannan tsari ga injiniya shi ne yana iya wasa da kaurin soson da yawan zaren yadda ya ga dama. Fatar da za ta yi sauti mai kauri a ƙara mata soso, wadda za ta ɗauki muryar mutum a rage mata. Aibinsa kuwa aikin hannu ne, fata ɗaya bayan ɗaya, a ƙasar da ladan ma'aikaci ke da tsada.

Neman abin da zai kusanci W ba tare da wannan tsada ba shi ya kai su gona. Faransa ce kan gaba a duniya wajen noman tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa, musamman a Normandi da arewacin ƙasar. Ana jiƙa karansa a sale zaren, kusan yadda ake yi da rama. Zaren lilin yana da ɗan rami a cikinsa, nauyinsa bai kai kashi 2 bisa 3 na zaren gilashi ba, kuma yana haɗiye amo. A 2013 kamfanin ya fitar da fata mai lilin a tsakiya da siraran bango biyu na gilashi. Launinta ruwan ƙasa ne, ana ganin zaren a kwance kamar ciyawar da aka shimfiɗa. An sa ta a lasifikar gida da kuma ta mota. Abin lura a nan shi ne bayan shekaru ana bin kayan soja da na jirgin sama, sai ga amfanin gona ya shigo gasar.

Ba wannan ce hanya ɗaya tilo ba. A Danmak, Dynaudio ya tsaya ga roba da aka gauraya da garin ma'adini, Scan-Speak kuma yana tsatstsaga takarda ya cike tsagar da manne don kashe amo. Masu kunne ba su taɓa haɗuwa a kan wanda ya fi ba, kuma da wuya su haɗu.

Tuwita, duk da ƙanƙantarta, ita ta fi ba da wahala. An saba yin fatarta kamar ƙoƙo a kife. A 1981 Mahul ya juya ƙoƙon, bakinsa ya dubi waje. Hujjar kamfanin ita ce ta haka bututun waya yakan kama jikin ƙoƙon kai tsaye maimakon gefen bakinsa, kuma sautin ya fi bazuwa, abin da ke da amfani a mota tun da ba wanda ke zaune daidai gaban tuwita. Sai batun ƙarfen da za a yi ƙoƙon da shi. An yi da alminiyom, an yi da titaniyom, har aka kai ga beriliyom, wanda nauyinsa bai kai rabin na titaniyom ba, alhali taurinsa ya ninka nasa kusan sau 2 da rabi, na alminiyom kuwa sau 4. Kowace fata tana da iyakar saurin da in ta wuce shi sai ta daina motsi gaba ɗayanta, ta fara murɗewa. Beriliyom yana tura wannan iyaka can nesa, sama da inda kunne ke kaiwa. Yamaha na Japan ya yi aiki da shi tun 1974 a lasifikar gida, Focal ya fara nasa a 2002, daga baya ya kai shi mota cikin jerin Utopia. Ƙarfe ne mai wuyar samu, mafi yawansa daga jihar Yuta ta Amurka ake haƙo shi, kuma ƙurarsa guba ce ga huhu, don haka sarrafa shi sai a killataccen wuri. Da shi aka ƙera madubin James Webb, na'urar hangen taurarin da aka harba a 2021. Ko kunnen mai shekara 50, cikin motar da ke gudu bisa hanya mai gargada, zai iya rarrabe beriliyom da alminiyom, wannan tambaya ce da masu sayarwa ba su cika son a yi musu ba.

Zafi da ƙura

Lasifika ma'aikaciya ce mai almubazzaranci. Cikin lantarkin da ake ba ta, kashi 1 cikin 100 ko ƙasa da haka ke zama sauti. Saura duk zafi ne, kuma a jikin siririyar wayar nan yake taruwa. In an ƙure murya lokaci mai tsawo, wayar kan kai digiri 200. Jan ƙarfe kuwa duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri 100, tsaurin da yake yi ma lantarki yakan ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Sai sautin ya ragu, mai mota ya ƙara murɗa radiyo, zafi ya ƙaru, har mannen da ya riƙe wayar ya saki. Babban kaso na kuɗin lasifika mai tsada a nan yake tafiya, inda ido ba ya gani: huji ta tsakiyar maganaɗisu don iska ta shiga ta fita, ƙwarangwal na zubin alminiyom mai janye zafi maimakon gwangwanin da aka lanƙwasa, manne mai jure wuta. A tuwita wasu kan zuba wani mai da aka gauraya da lallausan garin ƙarfe, wanda maganaɗisu ke riƙewa cikin ramin, yana kwasar zafin wayar yana miƙa wa ƙarfen da ke kewaye. Wani injiniyan hukumar NASA, Steve Papell, shi ya ƙirƙiro wannan mai a 1963, yana neman hanyar jan man roka a sararin samaniya inda abu ba ya faɗuwa ƙasa.

Maganaɗisu ma ya sake. A farkon shekarun 1980 General Motors a Amurka da Sumitomo a Japan, kowa da nasa bincike, suka gano maganaɗisun neyodimiyom, ɗan ƙarami mai ƙarfin da ya ninka na baƙin maganaɗisun da aka saba da shi sau da yawa. Shi ya sa tuwita take iya shiga ɗan lungun da ke bayan madubin gefe. Sai dai irinsa na gama-gari yakan fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 80, kuma abin da ya rasa ba ya dawowa. Mai jure fiye da haka kuɗinsa dabam ne.

Masu ƙera motoci kan gwada kayan lantarki daga digiri 40 ƙasa da sifiri har zuwa 85 sama da shi, cikin akwatunan gwaji da ake sa musu laima da ruwan gishiri da girgiza. Ga mai mota a Tawa ko Damagaram, sanyin da ke cikin wannan gwaji labari ne kawai. Zafin kuwa ya san shi. Da bazara zafin inuwa kan wuce digiri 40, motar da aka rufe aka bari a rana kuwa saman allon gabanta, inda tuwita ke zaune, kan haura 70. Abin da ke fara mutuwa shi ne zoben da ya riƙe gefen fata. A lasifika mai araha sau da yawa da soso ake yin sa, wanda zafi da laima ke mai da shi gari bayan ƴan shekaru. A mai kyau da robar butil ake yi. Sai ƙura. Ramin da wayar ke kai da kawowa a ciki faɗinsa kusan milimita 1 ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa ƙarar kar-kar, kuma duk garin ƙarfen da ya kusanto, maganaɗisu zai ja shi ciki. Lasifikar da aka kwance aka ajiye bisa teburin garaji, kusa da mai walda, ta gama yawo.

Awo da kunne

A da, ƙera lasifika gwaji ne da sa'a. Injiniyan Ostiraliya Neville Thiele a 1961, da Richard Small a farkon shekarun 1970, su suka tsara lissafin da ke nuna yadda lasifika za ta yi cikin akwati tun ba a sassaƙa akwatin ba, daga nauyin fata, da laushin zobe, da ƙarfin maganaɗisu. Yau a kwamfuta ake fara zana komai. In an ƙera ta gwaji, sai a kai ta wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso mai tsini, wanda ba ya maido da amo ko kaɗan. Faransawa na ce masa kurman ɗaki. Akwai kuma na'urorin kamfanin Klippel na Diresdan a Jamus, masu haska fata da hasken leza tana cikin motsi, su nuna daidai inda ta fara murɗewa.

Amma kurman ɗaki ba mota ba ne. Aikin ƙarshe a cikin motar ake yin sa, da makirfo da yawa a wurin kan direba da na fasinja. A nan ne wata ƙaramar kwamfuta da ke cikin ampili, watau na'urar ƙara ƙarfin sauti, take biyan bashin zaman gefe: tana riƙe sautin lasifikar da ta fi kusa na wannan ɗan kashi 2 daga 1000 na sakan, har na nesa ya iso, su shiga kunne tare. In an dace, mawaƙin sai ya bar ƙofa ya koma tsakiyar gilashin gaba. Bayan na'ura ta gama, mutane ne ke zama su saurara, mota a tsaye da mota na gudu, mako bayan mako.

Manyan motoci sun mai da wannan aiki abin talla. Volvo ya ɗauki Dynaudio a 1997, Audi ya sa Bang & Olufsen cikin A8 a 2005, da tuwita mai fitowa daga allon gaba in an kunna radiyo, Porsche ya ɗauki Burmester a 2009. Peugeot 3008 ta 2016 ta zo da lasifika 10 na Focal ga wanda ya biya ƙari. Mercedes kuwa a motar SL ta 2012 ya cire sauti mai kauri daga ƙofa, ya sa lasifikar a gaban ƙafafun direba da fasinja, ramin ƙarfen jikin motar ya zama akwatinta. Sai dai sunan da aka rubuta bisa murfin lasifika ba kullum ne yake nufin masana'anta dabam ba. JBL da Harman Kardon da Mark Levinson duk na kamfani ɗaya ne, Harman, wanda ya sayi sashen motoci na Bang & Olufsen a 2015, shi kuma Samsung na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2017.

Wat ɗin kwali

Mai saye a kasuwa abin da ya fara dubawa shi ne adadin wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe bisa kwali, kuma shi ne adadin da ya fi ƙarancin amfani. Wat ɗin lasifika ba ƙarfin muryarta yake nunawa ba, yana nuna abin da za ta iya jurewa kafin ta ƙone, kuma babban adadin na ɗan ƙiftawar ido ne; na gaskiya shi ne ƙaramin da ke da haruffan RMS a gefensa. Batirin mota volt 12 ne, yakan kai 14 in inji na aiki. Da wannan, radiyon da ba shi da ampili na dabam ba ya iya ba kowace lasifika fiye da wat 20 ko kusa da haka na sauti mai tsabta, ko da an rubuta 4 x 50 a goshinsa. Hasali ma ninka wat sau 2 ɗan ƙari kaɗan yake kawowa. Kafin kunne ya ji murya ta ninka sai an ninka wat kusan sau 10.

Ƙofar kanta ita ce rabin lasifika. In fata ta yi gaba tana tura iska, a bayanta jan iska take. In babu shinge tsakanin gaba da baya, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin baya, su kashe juna, sauti mai kauri ya ɓace. Duk wanda ya taɓa riƙe lasifika tsirara a hannu tana kiɗa ya ji yadda muryarta ke sirancewa. A ɗora ta bisa bakin tulu, nan take ta yi kauri. Ƙofar mota kuwa gwangwani ne mai huji da yawa, da sandunan makulli da wayoyi masu kaɗawa. Shi ya sa gwanayen sa lasifika suke fara toshe hujin, su manna tabarmar roba mai nauyi a jikin gwangwanin don ya daina amo, su ɗaura lasifikar bisa zobe mai ƙarfi wanda iska ba ta ratsawa. Lasifika matsakaiciya cikin ƙofar da aka gyara takan fi mai beriliyom da aka ɗaure da kusoshi biyu.

Motoci masu tafiya da lantarki sun zo da sabon lissafi. Rurin inji ya tafi, kukan taya ya fito fili, kuma kowane kilo na maganaɗisu da akwati yana cin batir. A 2017 kamfanin Continental na Jamus ya nuna tsarin da babu lasifika a cikinsa ko ɗaya, ya sake nuna shi tare da Sennheiser a 2020: ƙananan na'urori ne ake mannawa a bayan allon gaba da ƙofofi da rufi, su girgiza su, jikin motar ya ba da sautin kamar yadda ƙwaryar goge ke amsa tsirkiya. A irin wannan tsari, rashin nauyi da tauri da haɗiye amo da aka daɗe ana nema a fata mai santimita 16 da rabi, daga robar ƙofa da rufin mota za a neme su.